Kafin a Miƙa Lambar Yabo, a Tambayi Mai Shan Ƙwayar

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara ashirin yana shan wata ƙwaya kowane dare bayan sallar isha'i. Sunanta Largactil, amma a gidanmu "maganin Kawu" ake ce mata, kuma ko yaran goye sun san ba a taɓa ledar nan da ke rataye a ƙusar bayan ƙofarsa. Kafin a kai ga wannan ƙwaya an sha yawo da shi. An yi ruƙiyya, an yi turare, an sha rubutu, daga bisani aka sa masa mari a wani gida da har yau ba na son tuna warinsa. Yanzu yana zaman shagon ɗinki, yana karɓar kuɗi ya ba da canji daidai, ya kuma aurar da 'yarsa ta fari. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta abin da ke ƙasa ya ce na ce maganin asibiti ƙarya ne, ko ya ɗauki maganata ya je ya hana ɗan'uwansa shan nasa. Ni shaida ne a kan amfaninsa.

A shekarar 1957 gidauniyar Lasker ta Amurka, wadda lambarta ke bin bayan Nobel a daraja a harkar likitanci, ta karrama mutum uku saboda wannan ƙwaya ta Kawu: Henri Laborit da Pierre Deniker 'yan Faransa, da Heinz Lehmann da ke aiki a Kanada. Yabon gwani ya zama dole. Kafin 1952 likitan taɓin hankali ba shi da wani abin kirki a hannunsa ban da ɗauri, da maganin barci mai nauyi, da jona wa kai lantarki, da sumar da mutum da allurar insulin. A 1955 mutanen da ke kulle a asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin Amurka sun haura 550,000, kuma daga wannan shekara adadin ya fara sauka. Ba ƙwayar kaɗai ta jawo haka ba, akwai siyasa da lissafin kuɗi a ciki, amma da babu ita da ƙofofin ba su buɗe ba.

Tun daga nan lambobin yabo suka yi ta haihuwa a wannan fanni. Ƙungiyar masana magungunan ƙwaƙwalwa ta duniya, CINP, an kafa ta a Zurich a 1957. Ta Amurka ta biyo baya a 1961, ta Birtaniya a 1974, ta Turai a 1987, kuma kowace tana da nata lambobin, wasu na dattawan da suka share fage, wasu na matasa masu tasowa. Mu nan mun saba da lambar da ake bayarwa a otal bayan wanda za a karrama ya biya kuɗin abinci da na maroƙa, don haka da wuya mu ɗauki maganar da nauyi. Waɗancan ba irin su ba ne. Wanda ya samu ɗaya, kuɗin bincike na bin sa, ɗalibai masu ƙoƙari na tururuwa ɗakin gwajinsa, mujallu na buɗe masa shafi. Yaron da ya gama digiri na uku yana kallon wanda aka naɗa wa rawani, ya gane irin aikin da ke kai mutum can, sai ya karkata. Ta haka lambar bana take yanke irin tambayoyin da za a bincika nan da shekara goma, da waɗanda za a bari a ƙasa. Abin da ya dame ni ke nan, domin idan na dubi tarihin, sai in ga ana gaggawar bayarwa, ana ɗora wa kai ɗaya aikin hannu ashirin, kuma da ƙyar ake waiwayar wanda ke haɗiye ƙwayar a tambaye shi yadda ya kwana.

Maganar kai ɗaya ba ta da wuyar gani. Wanda ya haɗa sinadarin Largactil a watan Disamba na 1950 shi ne Paul Charpentier, ma'aikacin kamfanin Rhône-Poulenc. Wadda ta gwada shi a kan ɓeraye ta lura yana sa su daina damuwa da abin da aka koya musu su guda, Simone Courvoisier ce. Babu sunan ko ɗaya a lambar 1957. Jean Delay, shugaban sashen da Deniker ke aiki a asibitin Sainte-Anne na Faris, wanda sunansa ke gaba a rahotannin 1952, shi ma ba a kira shi ba. Ma'aikatan jinya da ke kwana da marasa lafiya suna ganin canjin da idonsu kuwa, ba a ma maganarsu. Nathan Kline na Amurka ya karɓi Lasker sau biyu, a 1957 da 1964. Ta biyun saboda wani maganin tarin fuka ne da aka lura yana faranta ran masu shan sa, aka juya shi ya zama maganin ciwon damuwa. Abokin aikinsa John Saunders bai yarda nasa ne shi kaɗai ba, rigima har kotu. Abin dariyar ma, lokacin da aka ba da lambar an riga an janye maganin daga kasuwar Amurka tun 1961 saboda yana lalata hanta.

Lambar Kline ta farko ta fi taɓa ni. An ba shi ne kan resafin, sinadarin da aka tace a 1952 a kamfanin Ciba daga saiwar wani tsiro da masu maganin gargajiya a Indiya suka daɗe suna ba wa masu taɓin hankali. Likitoci biyu 'yan Indiya, Sen da Bose, sun rubuta wannan amfani tun 1931, ba a saurare su ba. Ɗan'uwan tsiron yana nan a dazukan Afirka ta Yamma, Yarbawa na kiran sa asofeyeje. Raymond Prince, likita ɗan Kanada da ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya rubuta a 1960 cewa masu maganin Yarbawa sun daɗe suna amfani da shi wajen kwantar da wanda ya birkice. A gaskiya an sa likita ɗan Indiya ɗaya, Rustom Vakil, cikin waɗanda aka karrama a 1957, amma saboda aikinsa kan hawan jini. Ba ina nufin a ɗauki lamba a kai wa boka ba. Tacewa da aunawa da gano adadin da ba zai kashe mutum ba aiki ne babba, shi ne ma bambancin ƙwaya da jiƙo. Sai dai labarin da lamba ke bayarwa, na wani haziƙi guda da ya farka da asuba ya gano abu, yana koya wa matasa raina duk abin da bai fito daga ɗakin gwaji mai sanyi ba.

Gaggawa ce ta fi tsada, kuma shekarar 1949 kaɗai ta ishe mu misali.

A wannan shekara kwamitin Nobel ya karrama Egas Moniz ɗan Fotugal saboda aikin tiyatar da ake huda ƙoƙon kai a yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa. Ya fara a 1935, ya buga sakamakon mutum ashirin na farko a 1936 bayan bibiya ta ɗan lokaci kaɗan, duniya ta karɓa. A Amurka Walter Freeman ya sauƙaƙa abin har ya koma cusa wani tsinken ƙarfe ta saman ƙwayar ido, shi kaɗai ya yi wa mutum sama da dubu uku. Masu tashin hankali sun yi shiru, gaskiya ne. Da yawansu sun yi shirun da ba a dawowa daga gare shi, ba su san kunya ba, ba su san sha'awar komai ba, wasu sai an ba su abinci a baki. Rosemary, ƙanwar John Kennedy, an yi mata a 1941 tana da shekara 23, ta ƙare rayuwarta a hannun masu kula. Tarayyar Sobiyet ta haramta aikin a 1950, shekara ɗaya bayan Nobel. Lambar ba ita ta ƙirƙiri tiyatar ba, amma ta sa mata hatimi, kuma uban da likita ya ce masa wannan aikin ya ci babbar lambar duniya, da wane baki zai ƙi sa hannu? Har yau sunan Moniz na cikin jerin.

A watan Satumba na wannan shekarar dai, wata mujallar likitoci a Ostareliya ta buga ɗan gajeren rahoto daga John Cade, likitan wani asibitin tsoffin sojoji a wajen Melbourne, wanda ya yi zaman fursunan yaƙi a hannun Japanawa a Changi. A wani tsohon ɗakin girki yake gwajinsa. Yana zargin akwai guba a fitsarin masu ciwon nan da ke ɗaga mutum sama ya kwana bakwai bai runtsa ba yana surutu yana rabar da dukiyarsa, sannan ya jefo shi ƙasa ya kasa tashi daga gado. Yana yi wa ɓerayen masar allura, ya sa gishirin litiyam don kawai ya narkar da wani sinadari, sai ya ga dabbobin sun yi laƙwas. Ya fara sha da kansa, sannan ya ba wa majinyata goma masu wannan ciwo, suka natsu. Ba wanda ya buga masa tambari. A shekarar ne ma aka hana litiyam a Amurka bayan ya kashe wasu masu ciwon zuciya da aka ba su shi a madadin gishirin miya, kuma majinyacin Cade na farko ya mutu a 1950 saboda maganin ya yi masa yawa a jini. Ga shi kuma gishiri ne da ake haƙowa a ƙasa, babu kamfanin da zai mallake shi, don haka babu mai kashe kuɗin tallarsa.

Wanda ya ɗauki wahalar shi ne Mogens Schou na Danmak. A 1954 ya yi gwajin da ake raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha magani wasu su sha ƙwayar da babu komai a cikinta, ba tare da su ko likita sun san wace ce wace ba. Ya shafe shekaru yana auna yawan da jini zai ɗauka. A 1968 wasu manyan likitocin Landan suka caccake shi a mujallar Lancet, aka riƙa yi masa gori da cewa ƙaninsa na shan maganin, don haka son rai ya rufe masa ido. Shi da abokinsa Baastrup suka amsa da wani gwajin a 1970, shekarar da Amurka ta amince da litiyam. Har yau yana cikin magungunan da aka fi samun hujjar cewa suna rage kisan kai a masu wannan ciwo. Lasker ta zo wa Schou a 1987. Cade ya rasu tun 1980, ko da yake sun raba wata lambar tare a 1974.

Daga 1949 zuwa 1987 shekara 38 ke nan. Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Karin maganar akwai rashin tausayi a cikinta ga masu wannan lalura, ba na jin daɗin faɗarta, amma lissafinta ya zo daidai da na magungunan ƙwaƙwalwa. Maganin zazzaɓi kwana uku ake sha, a san ya yi ko bai yi ba. Na ƙwaƙwalwa ana shan sa shekaru, wani har mutuwa, kuma yawancin gwaje-gwajen da ake dogara da su wajen ba shi lasisi makonni shida ne zuwa takwas. Illar da Largactil da danginsa ke jawowa bayan doguwar sha, inda baki da harshe ke motsi da kansu kamar mai taunar goro, an fara ba da labarinta a ƙarshen shekarun 1950, aka raɗa mata suna a 1964, bayan an gama tafi an watse. Kawu yana da ita. In yana zare allura a shago sai ka ga leɓensa na aiki, yara na leƙe.

Sai kuma tambayar da ba a cika yi a ranar biki ba: a jikin wa aka gwada, kuma ya sani? Roland Kuhn na Siwizalan shi ya gano amfanin imifiramin a kan ciwon damuwa, ya sanar a 1957, kuma daga wannan gida ne amitiriftilin da ake rubutawa a asibitocinmu ya fito. Jami'o'i sun ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 2005 da mutuncinsa. A 2019 masana tarihi da gwamnatin yankin Thurgau ta ba aikin binciken takardunsa suka fitar da rahoto: tsakanin 1946 da 1980 an gwada magunguna barkatai a kan mutum sama da 3,000 a asibitin Münsterlingen, har da yara, akasari ba a nemi yardarsu ba, kuma kamfanoni na biyan sa kuɗi masu kauri. Gwamnatin yankin ta nemi gafara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutumin Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau, da yara 200 da aka sa a gwajin Trovan na kamfanin Pfizer, da 11 da suka rasu, da shari'ar da sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Wancan ba maganin ƙwaƙwalwa ba ne, amma in an yi wa mai cikakken hankali haka, ina ga wanda in ya yi ƙorafi za a ce ciwonsa ne ya motsa?

To, a yau dokokin neman yarda sun yi tsauri, ba na musun haka. Matsalar zamaninmu ta fi laushi, ta fi wuyar kamawa. A 2008 Erick Turner da abokansa suka nemo dukkan gwaje-gwajen da kamfanoni suka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka kan magungunan ciwon damuwa guda 12. Gwaji 74 ne. Guda 38 sun nuna maganin ya yi aiki, an buga 37 daga ciki a mujallu. Sauran 36 ba su nuna ba, ko kuma sakamakon na da shakku: 22 ba a taɓa buga su ba, 11 an buga su da kwalliyar da za ta sa mai karatu ya ɗauka an yi nasara, 3 kacal aka faɗa yadda suke. Likitan da ke karanta mujalla zai ga nasara kashi 94 cikin ɗari, alhali abin da ke cikin durowar hukuma kashi 51 ne. Kwamitin ba da lamba ma mujallun nan yake karantawa. Yana ƙirga yawan takardun mutum da yawan waɗanda suka ambace su, kuma takardar da ta ce "mun gwada, bai yi ba" ba ta tara jama'a.

Shekara uku kafin nan, a 2005, wani babban gwaji da gwamnatin Amurka ta biya kuɗinsa, ba kamfani ba, ya kwatanta sababbin magungunan taɓin hankali masu tsada da wani tsoho mai arha na shekarun 1950 a kan mutum kusan 1,500. Tsohon ya yi kafaɗa da kafaɗa da yawancinsu. Abin da ya fi ba ni tsoro a sakamakon shi ne kashi 74 cikin ɗari na majinyatan sun daina shan wanda aka fara ba su kafin wata 18, wasu don bai yi musu ba, wasu don ƙiba ko sanƙarewar jiki ko barci sun ishe su. Mutum uku cikin huɗu sun kaɗa ƙuri'arsu ta hanyar ajiye kwalbar, bayan an shafe shekara goma ana kirarin sabon zamani a tarukan masana.

Dole a taɓo maganar mai biyan kuɗin bikin. Babbar lambar binciken ƙwaƙwalwa da ake bayarwa a Danmak tun 2011 ta gidauniyar Lundbeck ce, kuma gidauniyar ce ke da mafi yawan hannun jari a kamfanin Lundbeck mai yin magungunan ciwon damuwa. Ban ce an sayi alƙalai ba, waɗanda suka ci lambar manyan masana ne na gaske. Amma wanda ya ci ladan kuturu, an san abin da ke biyo baya, kuma ba sai an kira mutum gefe an yi masa raɗa ba kafin ya gane irin binciken da ba ya sa a sake gayyatarsa babban teburi.

Akwai lambobi biyu da nake ganin sun nuna hanya. A watan Agusta na 1962 Shugaba Kennedy ya rataya wa Frances Kelsey lambar girmamawa mafi girma ta ma'aikatan gwamnati saboda abu ɗaya: ta ƙi sa hannu. Sabuwar ma'aikaciya ce a hukumar magunguna ta Amurka a 1960 lokacin da aka kawo mata takardun talidomaid, maganin barci da kwantar da hankali da ake sayarwa a ƙasashe da dama har ga masu juna biyu. Ta ce hujjar ba ta isa ba, kamfani ya yi ta matsa mata, ta tsaya. A wasu ƙasashen jarirai sama da 10,000 aka haifa da nakasar hannu da ƙafa. Ta biyun ƙarama ce, Yuro 10,000, wadda ƙungiyar masana magungunan ƙwaƙwalwa ta Turai ta fara bayarwa a 2018 ga wanda ya buga sakamakon da ya nuna abu bai yi aiki ba. Laura Luyten ta jami'ar Leuven a Beljiyam ce ta fara ci. Kuɗin bai kai na motar wani kwamishina ba, amma ya gaya wa ɗalibi cewa shekara ukun da ya kashe ya gano rami ba asara ba ce.

Ina kuma tuna Heather Ashton, likita a Newcastle ta Ingila, wadda daga 1982 zuwa 1994 ta riƙe wani ɗan asibiti na masu son rabuwa da Valium, wato diyazafam, da danginsa. Ƙwayar da ta fi kowace ciniki a Amurka daga 1969 zuwa 1982 ke nan, kuma mai haɗa ta, Leo Sternbach, ya sha karramawa. Ashton zama ta yi tana sauraron mutane, tana rage musu kaɗan-kaɗan cikin watanni, tana rubuta abin da suka ce suna ji. Sunanta ya zaga duniya ne ta bakin majinyata. Duk wanda ya san abin da roci da diyazafam suka yi wa samarin unguwanninmu ya san koyar da yadda ake sauka daga kan magani bai gaza koyar da yadda ake hawa ba.

Masu kare tsarin yanzu suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa fannin na fama da fari. Jerin muhimman magunguna na farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1977 na ɗauke da Largactil da halofaridol da litiyam da amitiriftilin, kuma su ne dai ginshiƙi a yawancin asibitocinmu har gobe. A 2010 manyan kamfanoni irin su GlaxoSmithKline da AstraZeneca suka rage hannu a binciken magungunan ƙwaƙwalwa saboda yawan faɗuwa. Sai a 2019 aka amince da wani feshin hanci daga ketamin don ciwon damuwa mai taurin kai, sai a Satumban 2024 aka samu maganin sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, na farko cikin shekaru da dama da bai bi ta toshe hanyar dofamin ba, sinadarin da ke kai saƙo a ƙwaƙwalwa. In ba a yaba wa mai ƙirƙira da wuri ba, in ji su, wa zai zauna? Na yarda a ƙarfafa wa matashi gwiwa, a ba shi kuɗin aiki da na zuwa taro. Wannan tallafi ne, a kira shi da sunansa. Amma lambar da ke cewa duniya ta amfana, a bar ta ta jira a ga yatsun. Arvid Carlsson na Suwidin ya yi aikinsa kan dofamin a 1957 da 1958, Nobel ta same shi a 2000, kuma ban ji wanda ya ce an yi kuskure ba.

Inda abin ya fi shafar mu shi ne tambayoyin da ba su da rawani. Kulozafin shi ne maganin da ake komawa gare shi in sauran sun gaza, amma yana iya karya fararen ƙwayoyin jini, ya kashe mutum takwas a Finlan a 1975, don haka ba a ba da shi sai da gwajin jini a kai a kai. Ma'aunin da aka kafa na jinin Turawa ne. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma an halicce su da ƙarancin waɗannan ƙwayoyi a awo ba tare da wata cuta ba, gadon da ke tafe da kariya daga wani nau'in zazzaɓin cizon sauro. Shekaru ana hana baƙar fata maganin, ko a tsayar musu da shi, saboda ma'aunin da ba nasu ba, sai a 2015 Amurka ta gyara ƙa'idar. A 1996 Collen Masimirembwa ya gano a Zimbabuwe wani gado da ke sa hanta jinkirin narkar da irin waɗannan magunguna, a shekarar kuma aka gano kusan kashi 29 cikin ɗari na Habashawan da aka gwada suna da akasin haka, hantarsu na ƙone maganin da sauri. Ƙwaya ɗaya, ga wani ta yi yawa, ga wani kamar bai sha ba. Litiyam kuma yana taruwa a jini in jiki ya bushe. Ka kawo shi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, ga mai azumi, a garin da gwajin jinin sai an yi tafiya. Ga ekzol, wanda ake haɗa wa irin su Kawu don rage sanƙarewar jiki, ya zama abin maye a tasha, har mai buƙatarsa na gaskiya na shan kallon zargi a kemis. Kowace ɗaya a nan binciken magani ce tsantsa, ba ta da ƙyalli ne kawai.

A 2020 Oye Gureje na Ibadan da abokan aikinsa suka buga a Lancet wani gwaji da suka yi a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke shiga wuraren masu maganin gargajiya da na addu'a suna kai wa majinyata magani a can. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Ba a ƙirƙiri sabuwar ƙwaya ba, tsofaffin nan ne aka kai inda marasa lafiyar suke. Thomas Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya fara irin wannan tunani a ƙauyen Aro tun 1954. A Najeriya, ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wadda sai a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wanda ya gano yadda allurar wata-wata za ta riƙa isa ƙauye ba yankewa ya cire mari daga ƙafafu fiye da wanda ya gano sabon lungu a ƙwaƙwalwar ɓera. Kamfanin iskar gas na NLNG na ba da dala 100,000 a gasar kimiyya, a 2017 taken zazzaɓin cizon sauro ne. Zan so wata shekara a sa magungunan ƙwaƙwalwa, da sharaɗin mai nema ya baje duk gwajin da ya yi har da wanda ya faɗi, ya nuna takardun yardar waɗanda aka gwada a kansu, kuma a zaunar da mutum biyu masu shan maganin a cikin alƙalai, da ƙuri'a irin ta kowa.

Watan jiya na raka Kawu asibiti. Muna kan benci ya taɓo ni, ya ce, "Ɗana, in mun shiga ka tambayar mini likita, wannan taunar da bakina ke yi babu abin da ke tsayar da ita? Ni in na tambaya sai su ƙara mini na barci." Na tambaya. Likitan, yaro ne da bai kai ni shekaru ba, ga layi har waje, ya ce akwai wani da aka amince da shi a Amurka a 2017, amma shi bai taɓa ganin sa da idonsa ba, abin da zai iya shi ne ya rage adadin na dare mu gani. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne kuɗin na Amurkan?" Likita ya yi murmushi bai amsa ba, ya rubuta mana mu dawo bayan mako shida.